Sabon Badun ba masauƙin baƙi ba ne

Yau da mutanenmu nake, musamman masu faɗin “ai mu baƙi ne a nan, gida Arewa”. Wallahi wannan magana ta ishe ni.

A 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Badun, kusa da Mokola. Shekara ɗari da 'yan kai ke nan. Kakanninmu su ne masu gida da ke saukar da fatake, su ba su ɗaki da abinci, dillalansu su sayar musu da shanun da aka kawo daga Arewa, su kuma tsaya musu a kan bashi. Su ne suka riƙa ɗaure goro ana lodawa zuwa Kano. Har wani Bature, Abner Cohen, ya zauna cikinsu ya rubuta littafi a kansu, ya fito a 1969. Bature ya ga tarihinmu ya isa a rubuta, mu kuwa ko sunan kakan kakanmu ba mu riƙe ba.

Mahaifina ɗan goro ne, a nan aka haife shi, a nan aka haife ni. Da Yarbanci nake ciniki, da Hausa nake mafarki. Amma idan yaro ya je neman takardar shaidar ɗan asali, a nan a ce masa ya tafi jiharsu, a can Arewa a ce ba a san gidansu ba, ɗan Kurmi ne. Shiga jami'a da aikin gwamnati duk suna neman wannan takarda. To ina zai nufa?

Na san amsar dattawanmu. Za su tuna mana rikicin Shagamu na 1999 da na kasuwar Shasha na 2021, su ce mai hankali ƙafarsa ɗaya a tasha take. Tsoronsu yana da dalili, amma wanda ya zauna kamar gobe zai tafi ba ya gyara rufin gida, ba ya neman takardar fili, ba ya yankar katin zaɓe. Shi ya sa magada ke sayar da tsofaffin gidaje a raba kuɗi, a rushe zauren da aka sauki fatake a ciki, sunan gidan ya mutu. Ranar da aka ce ba mu da tushe a nan, da me za mu kafa hujja?

Don haka ina kira ga matasanmu na Sabo da Agege da Idi-Araba da Shagamu: kowa ya zauna da tsohon gidansu tun yana da rai, ya ɗauki muryarsa a waya. Waye ya gina gidan? Daga wane gari ya zo? Wace sana'a ya yi? A rubuta, a adana takardun gida, a kai kwafi fadar Sarkin Hausawa. A daina sayar da gidan gado ba tare da shawarar dangi ba.

Allah Ya ji ƙan magabatanmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.