Agogon Barci Bai Kai Idon Uwa Ba



Kwanaki Yaya ya sayo wa ɗansa mai shekara 8 agogon hannu, irin mai ƙirga barcin nan. Kullum da safe waya ta nuna wai yaron ya yi awa 9, amma ga shi yana gyangyaɗi a Islamiyya. Uban har ya fara zare masa ido, wai lalaci ne.

Ran nan na kwana gidansu a nan Ƙofar Dawanau. Wallahi har ƙarfe 1 na dare idonsa biyu, ya yi lamo, tsoron duhu ya hana shi motsi!

Ashe agogon motsin hannu da bugun zuciya yake bi, ba ƙwaƙwalwa ba kamar gwajin asibiti. In yaro ya kwanta shiru, sau da yawa barci yake rubuta masa. Tun 2018 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce irin wannan na'ura ba ta maye gurbin likita.

Don Allah, kafin a daki yaro, a leƙa shi da dare. In gyangyaɗin ya ƙi ƙarewa, ko yana minshari kullum, a kai shi asibiti.

Sai fitowa ta gaba. Taku har kullum.