Taurin Jinin Babba Ba Ya Kare Yaro

Da zarar gero ya fara bunni a ƙasar Minjibir, sai zazzaɓi ya shigo gidaje. Kududdufai sun cika, sauro ya samu wurin ƙyanƙyasa, balle a ƙauyukan da ke gefen dam ɗin Wasai, inda ruwa ba ya yankewa ko da rani. Magidanci yakan yi kwana biyu da ciwon kai ya koma gona, sa'an nan ya ce yaro ma haka zai saba. Wannan magana akwai gyara a cikinta.

Ƙwayar da sauro ke zubawa wata 'yar halitta ce mai rai. Takan fara sauka a hanta, ta hayayyafa kamar mako guda, kana ta faɗa cikin jajayen ƙwayoyin jini. Jiki ba ya zuba mata ido. Yakan ƙera mata makami daidai da kamanninta, saifa kuma ta tace jinin da ya ɓaci, shi ya sa saifar yaro mai yawan zazzaɓi take kumbura. Amma fa ƙwayar tana da riguna wajen 60, kafin jiki ya gane wannan ta sake wata. Sai mutum ya sha ciwon shekara da shekaru kafin jininsa ya san yawancinsu. Taurin jinin babba ke nan, watau da jinya ya saye shi, kuma ba kowane yaro ke kai wa ƙarshen cinikin ba. Jariri yana da ɗan abin da ya samu daga jinin uwarsa, cikin 'yan watanni ya ƙare. Mai cikin fari ma nata yakan yi rauni.

Shi kansa taurin ba ya dawwama. A binciken da aka yi a ƙasar Garki daga 1969 zuwa 1976, da aka yi feshi aka raba magani, mutuwar jarirai ta ragu, makaman jinin mutane su ma suka ragu, da aka daina kuwa ciwon ya komo. Ashe aikin ba na damina ɗaya ba ne.

Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi wata-wata a damina. Maganin na kwana uku ne a jere. Masu rabo sukan ba da na ranar farko a gabansu, sauran biyun a hannun uwa suke, lalle kuwa maigida ya tambaya in ya dawo daga gona. Gidan sauro kuma na shimfiɗar yara ne. Wanda aka kai lambu aka rufe irin tumatir da shi, a dawo da shi ɗaki.