Iskar Taya: Arba'in Ɗin Me?

A 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, a 1973 naira da kwabo suka kori fam da sule. A wajajen shekarun nan ne kilomita ta ture mil, lita ta ture galan. Garin nan namu ma Abuja ake ce masa a lokacin, kafin ya bar wa babban birnin tarayya sunan ya koma Suleja. Cikin ma'aunan da suka ƙi gusawa akwai na iskar taya.

Ka tsaya wurin mai faci a Kurmin Sarki ka saurara. "Alhaji, nawa za a sa?" "Sa mata arba'in." Ba mai tambaya arba'in ɗin me. Psi suke nufi, wato nauyin fam nawa iska ke dannawa a kan kowane inci murabba'i, gadon Ingila da Amurka ke riƙe da shi har yau. Yaro zai ɗora geji, ya shafa wa bakin bawul miyau ya ga ko zai yi kumfa, shi ke nan an sallame ka.

To, motocin yanzu daga ko'ina suke zuwa. Buɗe ƙofar direba ka duba 'yar takardar da ke manne a jikin ginshiƙi. Wadda ta fito daga Turai za ka ga 2.2 bar, ta Japan 220 kPa, ta Amurka 32 psi. Duk iska ɗaya ce. Bar ɗaya kPa 100 ne, kuma kusan psi 14.5, ka ninka 2.2 sau 14.5, ga 32 ta fito. In kPa ce, raba ta gida bakwai, ka zo kusa.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne inda rashin wannan lissafi ke kai mutane. Wanda 2.2 ta rikita sai ya koma ga lambar jikin taya, 44 ko 51, alhali wannan iyakar abin da tayar za ta ɗauka ce, ba abin da motar ke bukata ba. Iska in ta yi yawa, tsakiyar taya ke cinyewa, riƙon kwalta ya ragu. In ta yi kaɗan, gefen taya ya yi ta lanƙwasa yana ɗaukar zafi har ya fashe, galibi da lodi a hanyar Kaduna. Wani kuma ya taso daga Zuba da rana tsaka, geji ya nuna ƙari, ya sa a rage masa, bai san zafi ne ya kumbura iskar ba. Da safe ake aunawa, kafin taya ta yi gudu.

Ban cika ganin laifin mai faci ba, abin da ya tarar ubangidansa na yi shi yake yi. Mai motar da ya zuba miliyoyi ya saye ta shi ya kamata ya sunkuya ya karanta takardar nan, ya juya lambar zuwa psi, ya faɗa wa yaro da bakinsa nawa ne gaba, nawa ne baya.