Tsakar Gidanmu: A sare zogale kafin ruwan Yuni



Uwargida da yawa a Adjamé Saint-Michel da Treichville na da zogalenta a tsakar gidan haya. Irin na gida ne, amma ƙasar ba ɗaya ba ce. Ruwan da ake yi a Abidjan a shekara ya ninka na Maraɗi sau uku, shi ya sa zogale a nan yake miƙewa kamar gora, ya wuce rufin ɗaki cikin shekara guda, ganyen ya koma can sama inda hannu ba ya kaiwa. Ga shi kuma icce ne marar ƙwari. Iskar hadari ɗaya a Mayu ko Yuni ta isa ta karya reshe ya faɗa kan kwanon maƙwabci ko wayar lantarki. Daga nan sai rigima da mai gidan, wataƙila ma ya ce a tuge shi gaba ɗaya.

Maganin abin shi ne sara, kuma kada ki ji tausayinsa. Manoman Jiratawa, kusa da Maraɗi, ba sa barin nasu ya yi tsawo, don ganye suke nema, ba inuwa ba.

Idan ƙarami ne, da ya kai ƙugunki ki tsinke kan, sai ya yi rassa. Babba kuwa a datse shi daidai ƙirji, a watan Maris ko Afrilu. A sa adda mai kaifi, a yi saran a karkace don ruwa ya zirare, kada ya kwanta wurin ya ruɓe. Cikin 'yan makonni za ki ga sabon toho. In reshe ya riga ya kai wayar wuta, kada a tura yaro ya hau. A kira ma'aikatan lantarki.

Reshe mai kauri, tsawon mita ɗaya, in aka dasa yana kamawa. Ki miƙa wa maƙwabciya, amma ki gaya mata saiwar ba ta son ruwa ya kwanta mata. Mai dasawa a duro ta huda gindinsa, ta gauraya ƙasar da yashi.

Ganyen da aka samu a yi kwaɗo da miya, a raba wa 'yan gida. Shanya kuwa a bari sai Disamba ko Janairu, a inuwa, don a damina fumfuna yake yi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.