Rigar Kuturu da Na Yaga

Mu nan Libreville sai godiya, ruwa dai bai bar mu mun shanya kaya ba. Wannan makon ba zancen farashin dila ko kuɗin kwastan zan yi ba. Laifin kaina zan tona, ko wani uban zai tsira daga irinsa.

Duk mai sana'ar gwanjo, wanda mutanen nan ke kira mutuki, ya san ranar fasa dila ranar caca ce. Wata Asabar muna fasawa a rumfata da ke kasuwar Mont-Bouët, sai ɗan farina, mai shekara 16, ya zaro wata baƙar riga ya ce, "Baba, wannan ni nake so, a cire a kuɗin aikina." Ban ko duba ba, na ce ya ɗauka.

Bayan kwana biyu aka ɗauke wuta da dare, na leƙa ɗakinsu neman tocila. Na tarar da shi zaune cikin duhu, abin sauraro a kunne, yana ta kaɗa kai. Na yi sallama sau biyu bai ji ba. Da na fizge igiyar, sai wayar ta saki wata ƙara, wallahi kamar an tayar da janareta uku a ɗaki ɗaya, ga wani ƙato yana gurnani daga maƙogwaro. Na haska shi, sai ga rigar nan a jikinsa: hoton wani mutum duk jikinsa ya lalace, ya yafa tsumma, a sama an yi rubutu da zanen lauje da yanar gizo-gizo. Ban tambaye shi komai ba. Na ƙwace wayar, na sa ya tuɓe rigar, na yaga ta gida biyu a gabansa.

Mako uku yaron nan bai ce mini komai ba bayan "ina kwana" da "sannu da zuwa". Maƙwabcina a kasuwa ya ce kada in yi wasa, in kai shi a yi masa ruƙiyya. Uwargida kuwa cewa ta yi, "Alhaji, ka san abin da ke cikin waƙar ne?" Na ce me zan sani a haukan Turawa? Ta ce, "To ai kai ma ba ka sani ba, ka yanke hukunci."

Maganar ta tsaya mini a rai. Ran Lahadi bayan la'asar na kira shi, na miƙa masa wayar na ce ya faɗa mini mene ne wannan. Da farko ya ɗauka tarko ne. Da ya ga da gaske nake, sai baki ya buɗe, rabi Hausa rabi Faransanci, irin na 'ya'yanmu da aka haifa a nan.

Ga abin da na koya. Ana kiran irin wannan kiɗa death metal. Faifan da yake ji sunansa Leprosy, na wata ƙungiyar makaɗa ce ta jihar Florida a Amurka mai suna Death, wato mutuwa. Ya fito a 1988, waƙoƙi 8 ne, duka ba su cika minti 40 ba. An naɗe shi a ɗakin ɗaukar sauti na Morrisound da ke birnin Tampa, inda daga baya makaɗan wannan salo suka riƙa tururuwa. Masu son kiɗan suna lissafa shi cikin faya-fayan da suka kafa harsashinsa. Jagoran ƙungiyar, Chuck Schuldiner, shekararsa 21 a lokacin. Yana ɗan shekara 9 yayansa ya rasu, iyayensa suka saya masa gita don ta ɗebe masa kewa. Faifansu na farko na 1987 cike yake da jini da tatsuniyoyin finafinan ban tsoro, amma a wannan na biyu ya fara karkata zuwa ga abin da ke samun mutane da gaske. Akwai waƙa a kan majinyacin da na'urar asibiti kaɗai ke riƙe da numfashinsa. Shi kansa Schuldiner ciwon daji na ƙwaƙwalwa ne ya yi ajalinsa ranar 13 ga Disamba 2001, yana da shekara 34, bayan kuɗin magani ya gagari danginsa har sai da masoya suka yi karo-karo.

Na ce to ita waƙar da aka sa wa faifan sunanta fa? Ya ce a kan mutanen da wata cuta ta kama ne, aka kore su daga gari, kowa na gudunsu. Ya yi ta laluben sunan cutar da Hausa bai samu ba, sai ya ce, "La lèpre, Baba."

Na ce, "Kuturta."

Daga nan ban iya ƙara cewa komai ba na ɗan lokaci. Ina yaro a ƙauyenmu na ƙasar Maraɗi, ƙanen mahaifiyata ya kamu da ita. Aka yi masa bukka a bayan gida, kwanonsa daban, butarsa daban. Ni ake aike in kai masa tuwo, an gargaɗe ni in ajiye daga nesa in juyo. Yakan kira ni ya ce in tsaya mu yi hira, ni kuwa in ruga. Sai da yatsunsa suka tafi aka kai shi asibitin kutare na Danja. Ban taɓa ba 'ya'yana wannan labari ba, saboda a gidanmu ba a ambatonsa, kada a ce cutar gado ce a ƙi auren 'yan matanmu.

Ran nan na ba shi labarin duka. Shi kuma ya gaya mini abin da ban sani ba. Ashe lokacin da makarantarsu ta kai su Lambarene, a bakin kogin Ogooué, sun ga asibitin da likita Albert Schweitzer ya kafa a 1913, da unguwar kutare da ya gina da kuɗin kyautar Nobel ta zaman lafiya ta 1952. Ya ce da ya ga hoton rigar, can ya tuna, shi ya sa ya nemi faifan. Yaron ne ya karantar da ni cewa ƙwayar cuta ce ke kawo kuturta, wani likitan Norway mai suna Hansen ya gano ta a 1873, ba a gadonta, tana warkewa da maganin wata 6 zuwa 12, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da maganin kyauta. Da kawu ya samu wannan da wuri, da yatsunsa ya mutu.

Kada wani ya ce Alhaji ya koma tallan kiɗan Turawa. Na gwada saurara, minti biyu kaina ya fara sarawa. Kuma shi da bakinsa ya yarda cewa cikin masu wannan kiɗa akwai waɗanda sana'arsu zagin addini da kiran shaiɗan. Muka yi yarjejeniya: irin waɗannan ba za su shigo gidana ba, ba kiɗa lokacin salla da karatu, ba hoton nan a masallaci ko a rumfa, kuma duk abin da yake ji, in na tambaya zai fassara mini ba ɓoye-ɓoye. Ya ce ya yarda. Na tuna ni ma mahaifina ya taɓa fasa mini kaset ɗin Ɗan Anace, don ya ce waƙar 'yan dambe ba ta da zance sai kisa da lahira. Ban daina ji ba, wurin ji kawai na sauya.

Abin da ya fi tsorata ni ke nan. Mu fita tun asuba, mu dawo bayan isha, 'ya'yanmu na girma cikin harshen da ba mu ƙware ba, da waya a hannu. In muka yaga riga muka yi shiru, gobe abin da za su ɓoye mana ya fi riga. Tsawatarwa haƙƙinmu ce, amma a fara tambaya tukuna.

Kuɗin rigar, jika biyu, na mayar masa. Ya karɓa ya yi dariya, sannan ya ce in Allah ya kai mu gida bana, yana so in nuna masa inda bukkar kawu take. Na ce to.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba da kasuwa mai albarka.