Yaron Da Ba A Rubuta Ba: Inshorar Lafiya Da 'Ya'yan Talakawa

Hausawa kan ce lafiya uwar jiki, amma a gidan talaka ita ce abin da aka fi saye da tsada. A Nijeriya, fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa wajen neman magani daga aljihun majinyaci da danginsa suke fitowa. Watau idan zazzaɓi ya kama yaro a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sai magidanci ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ko ya sayar da akuya, ko ya jira ya ga abin da Allah zai yi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa dokokin da za su raba talaka da wannan hali suna nan a rubuce, sai dai ba za su kai ga yaron da hukuma ba ta san da zamansa ba.

Haƙiƙa ba a rasa dokoki ba. A 1999 aka kafa dokar shirin inshorar lafiya na ƙasa, aka ƙaddamar da shi a 2005, amma galibin waɗanda suka amfana ma'aikatan gwamnatin tarayya ne masu albashi. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya gano cewa kimanin kashi 97 cikin ɗari na mata ba su da inshora ko wace iri. A 2014 aka yi Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Daɗin daɗawa, a watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a wata sabuwar doka da ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin masu rauni, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu juna biyu.

To, ina gizo yake saƙa? Inshora tana tafiya ne da suna. Sai an rubuta yaro, an san shekarunsa da mazauninsa, sannan za a aika wa asibitin unguwarsu kuɗin kula da shi. Amma binciken 2018 ya nuna cewa kashi 43 cikin ɗari kaɗai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa, kuma 'ya'yan talakawan karkara ne suka fi yawa cikin waɗanda aka bari. Ƙidayar jama'a ta 2006 ita ce tushen lissafin da aka daɗe ana yi, sauran duk kirdado ne. Ke nan waɗanda aka yi asusun dominsu su ne ba su cikin littafi.

Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa ishara. Gubar dalma da ke fitowa daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta hallaka yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ba wani littafin rajista ne ya tona al'amarin ba, sai da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara a ƙauyukan. Da a ce ana rubuta kowace mutuwa ana aikawa gaba, da wataƙila an farga tun kafin kaburbura su yi yawa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wani na iya cewa magani talaka yake bukata, ba takarda ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin rajista ba ta warkar da kowa. Jamhuriyar Nijar ta mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a 2006, amma jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya sa da yawa suka rasa magunguna. Darasin shi ne sai an haɗa biyun, kuɗi da lissafi. Ba tare da lissafi ba, ba mai iya cewa ga adadin da ake bin gwamnati, ba kuma mai iya tuhumar wanda ya karkatar da kason marasa galihu zuwa ga 'yan uwansa.

Wajibi ne kuma a fahimci dalilin da ya sa Bahaushe yake ɗari-ɗari da mai littafi da alƙalami. Shekaru da dama, duk wanda ya zo ƙirga kawuna haraji yake nema, wanda ya zo ƙirga shanu kuwa jangali, har zuwa 1979 da gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su. Ban da wannan, akwai al'adar kunya. Uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, wata ma takan tsallake shi idan tana lissafa 'ya'yanta. Jaririn da ya koma kafin ranar suna kuwa sau da yawa ba a sa shi a lissafi. Duk mai tambayar da bai san waɗannan abubuwa ba, alƙaluman da zai kai ofis gurgu ne.

Alhali kuwa babu yaron da ake haifa a ƙasar Hausa a ɓoye. Ungozoma ta yanke masa cibiya, liman ya raɗa masa suna, wanzami ya yi masa aski, mai unguwa ya ci goron suna. Abin da ya kamata shi ne a ɗora rajista a kan wannan tsari, ta yadda ranar suna za ta zama ranar shigar yaro littafin Hukumar Ƙidaya da na inshora gaba ɗaya. Haka kuma a riƙa liƙa sunayen waɗanda suka shiga asusun masu rauni, da adadin kuɗin da aka aiko, a inda jama'ar gunduma za su gani, amma a tsare sirrin cutar kowa.

A nan ne aikin ya iso ƙofar sashen Hausa. Takardun shiga inshora da rahotannin bincike galibi da Turanci suke, kuma kalmar inshora kanta tana sa wasu shakka ta fuskar addini. Malamai da ɗaliban harshe su ne za su iya fassara waɗannan takardu cikin boko da ajami, su daidaita kalmomi, su bayyana shirin da sunan da jama'a suka sani, watau taimakekeniya, su kuma tsara tambayoyin da uwa za ta amsa ba tare da an keta kunyarta ba.

Binciken 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa, 132 ba su kai shekara biyar ba, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai 187. Yawancinsu cututtukan da ake iya magancewa da kuɗi kaɗan ne suka ɗauke su, irin su zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ciwon haƙarƙari. Doka ta riga ta ba waɗanda suka rage haƙƙin magani. Saura a rubuta sunayensu.