A Rubuta Sunansu Cikin Littafin Jam'iyya

Akwai maganar da ta daɗe tana damuna, ina so in kawo ta gabanku tun ba a fara rubuta sunayen masu neman taki da rance na bana ba.

Bara, ranar rabon takin zamani, ina zaune kusa da magatakardan wata jam'iyyar gama kai a ƙauyen da nake zagayawa. Sai ga wani dattijo wanda kuturta ta rage masa yatsu. Ya sha magani ya warke tun shekaru da yawa, kowa ya san haka. Ya tsaya nesa da tabarma, ya yi gaisuwa, ya ce yana so a sa sunansa. Shugaba ya ce masa, "Baba, kada ka wahal da kanka. In an yi girbi za mu aiko maka da dawa kamar yadda muka saba." Dattijon ya ce, "Ranka ya daɗe, ba roƙo na zo ba. Ina da gona. Taki nake so, ga kuɗin shiga a hannuna." Aka yi shiru, sa'an nan aka ce masa sai an yi shawara. Har yau ba a yi shawarar ba. Ni ma da nake malamin gona ban ce uffan ba, kuma kunyar wannan shirun ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ra'ayina shi ne: wanda ya warke daga kuturta, da makaho, da gurgu, da kurma, in suna so kuma sun cika sharuɗɗan da kowa ke cikawa, a karɓe su cikin jam'iyya su zama cikakkun membobi, da ƙuri'a, da rance, da bakin magana. Kwanon dawa na girbi abu ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin wannan.

Abin da masu bincike suka gano

Akwai wani reshe na aikin asibiti da ba mu cika jin labarinsa a karkara ba, watau jinya ta hanyar aiki. Likita yana duba ciwo. Su kuwa waɗannan ma'aikata suna duba abin da mutum yake so ya yi kullum, kamar noma, girki, saƙa, zuwa kasuwa, su nemi hanyar da zai iya yinsa duk da lahanin jikinsa. Sana'ar ta kafu sosai lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'ad da ake koya wa sojojin da suka ji rauni aikin hannu, kuma an kafa ƙungiyarsu ta duniya a 1952.

Da tafiya ta yi nisa, sai suka lura cewa sau da yawa ba jiki ne ke hana mutum aiki ba, jama'a ne. Wata malama a wannan fanni, Gail Whiteford ta ƙasar Ostareliya, wadda ta yi nazarin zaman fursunoni da na 'yan gudun hijira, ta yi rubutu a shekarar 2000 a kan halin mutumin da aka hana shi ayyukan da ke da muhimmanci a gare shi saboda dalilan da ba su hannunsa. Ta nuna cewa irin wannan hanin cuta ne a kan kansa: yana kashe zuciya, yana sa gwaninta ta dushe. A 2001 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabon tsarin auna naƙasa. A cikinsa ba raunin jiki kaɗai ake dubawa ba, har da yadda mutum ke shiga harkokin jama'a, da abubuwan da ke kewaye da shi masu taimako ko masu tare hanya.

To, yaya za a auna shiga cikin jama'a? Wani likita ɗan ƙasar Holan, Wim van Brakel, da abokan aikinsa sun shirya ma'auni wanda aka gwada a Nepal da Indiya da Barazil, aka buga shi a 2006. Tambayoyi 18 ne. Dabarar ita ce, ana ce wa mutum ya kwatanta kansa da tsaransa, wanda suke daidai a komai sai dai shi ba shi da cutar. Kana samun aiki kamar shi? Kana kawo abin masarufi gida kamar shi? Kana zuwa biki da jana'iza? Ana girmama ka kamar shi? In ana shawara a gida, ana jin taka? Kana taimakon maƙwabta? In mutum ya ce a'a, sai a tambaye shi ko abin ƙaramar damuwa ce a gare shi ko babba.

Ku lura da tambayar ƙarshe da na ambata. Ba a ce "ana taimakonka?" ba. An ce "kana taimakon waɗansu?" Da na karanta ta sai na tuna dattijon nan. Shekara da shekaru muna ba shi, ba mu taɓa barin ya ba mu ba. Ba a kiransa gayya. Ba ya cikin adashi. Da za a yi masa tambayoyin nan 18, jam'iyyarmu ce za ta faɗi jarrabawar.

Labarin Lalgadh

A kudancin Nepal akwai asibitin kuturta a wani wuri mai suna Lalgadh. A 2002 ma'aikatansa suka gwada wata hanya. Suka zaɓi mutum 10 waɗanda suka yi fama da cutar, suka koya musu kula da hannuwa da ƙafafu, suka mai da su ƙauyukansu domin kowa ya tara ƙungiya. Da farko ƙungiyoyin suna haɗuwa ne su jiƙa ƙafafu cikin ruwa, su kankare kanta, su shafa mai, su duba wa juna miki. Daga baya suka fara ajiyar kuɗi da ba juna rance, suka shiga yaƙi da jahilci, har suka kai ga yin ayyukan da dukan gari ke amfana da su, irin su ruwan sha da tsabta. Da aka zo dubawa da ma'aunin nan, sai aka ga waɗanda ke cikin ƙungiyoyin sun fi takwarorinsu na waje shiga harkokin jama'a. Mutanen da dā ake gudu, sai ga su ana zuwa wurinsu neman shawara.

Ba wa'azi ne ya sāke tunanin ƙauyukan nan ba. Ganin amfanin mutanen ne. A nan arewacin Nijeriya ma, Bassey Ebenso da abokan aikinsa sun buga wani nazari a 2007 a kan waɗanda suka warke daga kuturta aka ba su rance da koyon sana'a, suka ga mutuncinsu ya ƙaru a idon iyali da na gari. Kakanninmu sun riga mu sani, shi ya sa suka ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano.

Amsa ga masu shakka

Na san abin da waɗansu za su ce, gama na ji shi a tarurruka da yawa.

Na fari, tsoron ɗaukar cuta. Kuturta ba gado ba ce, ba kuwa la'ana ba. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda wani likita ɗan Norwe mai suna Hansen ya gano a 1873. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar magani mai haɗin ƙwayoyi, ana sha wata 6 ko wata 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi. Wanda ya fara shan magani ya daina yaɗa cutar, balle wanda ya gama. Guntayen yatsun da kuke gani tabo ne. Cutar ta kashe jijiyoyin ji, mutum ya ƙone ko ƙaya ta soke shi bai sani ba, mikin ya ci. Zama a tabarma ɗaya da shi, ko karɓar kuɗi daga hannunsa, ba zai sa wa kowa kome ba. Hasali ma ƙyamar ce ke da hatsari, domin ita ke sa mai sabon tabo a fata ya ɓoye, ya ƙi zuwa asibiti har jijiyoyinsa su lalace.

Na biyu, "ba za su iya aikin ba, rancenmu zai nutse." Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuɗin jam'iyya kuɗin talakawa ne. Amma mu duba littattafanmu da kyau. Waɗanda suka ci bashi suka ƙi biya, da ƙafafunsu biyu da idanunsu biyu suka ci. Ma'aunin rance shi ne hali, da gona, da mai tsaya wa mutum. A yi wa kowa wannan ma'auni. Game da aiki kuwa, a nan ne dabarun masu jinya ta hanyar aiki ke da amfani, kuma yawancinsu ba su da tsada. A naɗe ƙotar fartanya da robar taya ko tsumma domin kada ta yi wa hannun da ba ya ji kanta. A sa maɗauri a ƙota domin mai guntayen yatsu ya riƙe. A nemi takalmi mai taushin ciki, a riƙa duba ƙafa kowace yamma. Makaho yana shuka a layi in an ja masa igiya mai ƙulli, yana kiwon kaji, yana tufka. Gurgu yana iya kula da injin niƙa, ko renon itatuwa, ko riƙe littafin kuɗi. Makarantar makafi ta Gindiri tana nan tun 1953, ta yaye mutane masu ilimi da sana'a, mu ne ba mu neme su ba.

Na uku, "ai suna da nasu, akwai sarkin makafi, akwai sarkin kutare, su kafa tasu jam'iyyar." In suna so su kafa, madalla, mu taimaka. Amma taki da iri da kasuwa ta hannun jam'iyyar gari suke biyowa. In muka ce su tsaya can, mun sāke gina tsohuwar unguwar bayan gari ke nan, sai dai wannan karon a cikin littafi. Asibitocin mishan irin na Garkida sun yi jinyar dubban mutane a zamanin da ba magani mai ƙarfi, Allah ya sāka musu. Zamanin keɓewa ya wuce. Dokar ƙasa ma ta faɗa: a Janairun 2019 aka sa hannu a kan dokar da ta haramta nuna bambanci ga naƙasassu a Nijeriya. Sai dai doka tana Abuja, tabarmar taro tana ƙauyenmu.

Abin da nake roƙo

A taronku na gaba, ina roƙon kowace jam'iyya ta yi abu huɗu. Ku ƙidaya naƙasassun da ke garinku, maza da mata, ku duba nawa ne sunansu ke cikin littafi. Ku aika mutum biyu su je gidajensu su tambaye su abin da suke so su yi, kada ku yanke musu. Ku duba wurin taronku: mai rarrafe zai iya shiga? Akwai mai karanta wa makaho lissafi da ƙarfi? Akwai ɗan'uwan kurma da zai yi masa bayani da hannu? Sa'an nan, ranar gayya ku kira su, ku ba su aikin da suka zaɓa, ku ci tuwo tare. Kada a manta da mata, gama mace mai naƙasa ita ce ta ƙarshe da ake tunawa.

Ni kam na koma wurin dattijon nan bayan girbi, na roƙe shi gafara. Ya yi dariya, ya kai ni bayan gidansa ya nuna mini rumbu biyu na gero da ya noma ba taki. Ya ce, "Malam, da an ba ni buhu ɗaya, da uku ka gani." Na yi masa alkawari zan tsaya masa a taron bana. Wanda jam'iyyarsa ta gwada wannan abu, ya rubuto mana yadda ta kaya, da daɗi ko ba daɗi, domin sauran su koya.

Naku,
Malamin Gona